Yadda Ake Daidaita Robar Tokare ta Ƙafar Baya a Motocin Ƙarfi na Amurka da Aka Sauke Ƙasa

Duk wanda ya taɓa sauya wa Mustang ko Camaro sifirin domin motar ta ɗan kwanta ƙasa ya san daɗin kallonta a ranar farko, lokacin da ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta ragu, motar ta yi irin zaman da ake so. Abin da ba kasafai ake faɗa wa mai mota ba shi ne, kowace milimita da aka rage a tsayin motar an ɗebe ta ne daga filin da aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, yake da shi na tashi sama idan taya ta hau tudu ko ta fito daga rami. Injiniyoyin kamfani sun bar wannan fili ne da lissafi, kuma a ƙarshensa suka dasa wata 'yar roba da tsawonta bai wuce na yatsa ba, wadda Turawa ke kira bamp-stof, ni kuma zan riƙa kiranta robar tokare. Aikinta shi ne ta tari aksul kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ta shanye ragowar bugun a hankali, ta kuma kare shokozoba da taya da bututun birki da salansa daga matsewa.

Na fara ɗaukar wannan roba da muhimmanci ne ranar da wani abokina ya kawo Mustang GT ƙirar 2007 yana kukan cewa bayan motar na dukansa a ƙugu duk lokacin da ya haye tudun rage gudu, ko da kuwa a giya ta ɗaya yake tafiya. Da muka ɗaga ta na haska fitila, sai na ga fentin ƙarfen shasi da ke saman aksul ya goge, wurin yana ƙyalli kamar gindin tukunyar da ta sha wanki da toka. Robar ɓangaren dama ta rududduge, ina taɓa ta tana zuba a tafin hannuna kamar busasshen burodi, ta hagu kuwa wanda ya ɗaura sifirin ya datse ta da wuƙa har kusan gindi, a zatonsa hakan zai ƙara wa motar fili. Shokozobar ɓangaren hagun ta riga ta jiƙe da mai, domin ita ce ta koma karɓar dukan da ba a ƙera ta don shi ba.

Ciwon ƙugu da asarar shokozoba su ne ƙananan illolin. Babbar illar tana bayyana ne a kwana. Idan mota ta karkata, nauyi ya koma kan tayar baya ta waje, kuma aksul ya daki roba mai tauri farat ɗaya, wannan kusurwar takan sandare nan take kamar babu sifirin a wurin, sai riƙon tayoyin baya ya ragu ba tare da gargaɗi ba, bayan motar ya nemi ya wuce gabanta. A motar da ke tura ƙarfin inji mai silinda takwas ta tayoyin baya, wannan lamari ne na rai da mutuwa, shi ya sa nake ganin bai kamata a sauke irin wannan mota ba tare da an bi ta kan robar tokare da ma'auni a hannu ba.

Da farko a san irin ƙafar da motar take da ita

Ƙafar mota a nan na nufin tsarin aksul da sifirin da shokozoba da ke riƙe tayoyi, kuma motocin da ake magana a kansu ba iri ɗaya ba ne a ƙasa. Mustang daga farkon fitowarta a 1964 zuwa shekarun 1970, da Camaro daga 1967 zuwa 1981, da Charger da Challenger na kamfanin Dodge da Barracuda ta Plymouth na wancan zamani, duk suna da aksul ɗaya miƙaƙƙe wanda ke zaune a kan sifirin falle-falle. Chevelle da Pontiac GTO suna da aksul miƙaƙƙe su ma, amma da sifirin murɗaɗɗe da hannaye huɗu na ƙarfe da ke haɗa aksul da jikin mota, haka kuma Mustang daga 1979 zuwa 2004. Camaro daga 1982 zuwa 2002 tana da dogon hannu da ke bin gefen farfela tare da sandar Panhard, wato sandar da ke kwance a gicciye tana hana aksul zamewa gefe, Mustang daga 2005 zuwa 2014 kuwa hannaye uku gare ta da sandar Panhard. Daga baya aka koma ga ƙafar da kowace taya ke motsi ita kaɗai, a Challenger tun 2008, a Camaro tun 2010, a Mustang kuma tun 2015, kuma a irin waɗannan galibi robar tana zaune ne a kan sandar shokozoba, a ƙarƙashin rigar da ke kare ta daga ƙura.

Zan gina bayanin a kan Mustang ta 2005 zuwa 2014, saboda komai nata a buɗe yake: sifirin yana zaune a kan aksul, shokozoba tana gefe ita kaɗai, robar tokare kuma tana kan bututun aksul tana fuskantar ƙarfen shasi. A wasu motocin robar tana manne ne a jikin shasi tana kallon ƙasa, amma lissafin ɗaya ne.

Awon zama

Kafin a taɓa sifana, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, a daidaita iskar tayoyi, a cika tanki. Tankin wannan Mustang yana ɗaukar kimanin lita 60, wato nauyin da ya kai kilo 45, kuma mafi yawansa a kan ƙafar baya yake sauka. Idan sifirin sabo ne, a yi haƙuri a yi 'yan kwanaki ana hawa motar tukuna, domin sabon sifirin yakan ɗan ƙara zama bayan an fara amfani da shi. A tura motar gaba da baya kaɗan, a danna bayanta a saki, sannan a ɗauki awo uku a kowane ɓangare, a rubuta su a takarda. Na farko shi ne daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, kuma an zaɓi tsakiyar wili ne domin kada iskar taya ta shiga lissafin. Na biyu shi ne daga mazaunin robar, wato ƙarfen da take ɗaure a kai, zuwa wurin da take bugawa. Wannan shi zan riƙa kira awon zama. Na uku shi ne ratar da ke tsakanin kan robar da wurin bugawar.

Wannan awo na uku ne yakan buɗe wa mai mota ido. A ɗauka, a matsayin misali, ratar ta kasance milimita 75 kafin a sauke motar, aka kuma sauke ta da inci ɗaya da rabi, wato milimita 38. Abin da ya rage shi ne milimita 37. Idan mutum biyu suka zauna a baya aka zuba kaya a but, motar ta ƙara zama da milimita 25, to saura milimita 12 kacal, kuma a haka robar za ta riƙa taɓawa a kan gargadar da a da direba ko jin ta ba ya yi.

Cire sifirin da neman abin da ke fara taɓawa

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa saboda yana cin lokaci. A sa katako a gaba da bayan tayoyin gaba, a ɗaga bayan motar, a ɗora jikinta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi a wuraren da kamfani ya tanada, a bar aksul yana rataye. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba matokari ba ne, domin yakan fashe ba tare da ya ba da alama ba. A tallafi aksul da jak, a kwance notin ƙasa na shokozoba biyun, a saki sandar hana karkata idan tana riƙe aksul, sannan a sauke jak sannu a hankali har sifirin ya saki. A duk tsawon wannan saukewa ido ya kasance a kan bututun birki na roba da wayar na'urar birki, domin idan aka bari nauyin aksul ya rataya a kansu za su iya tsagewa daga ciki ba tare da an gani ba. Da sifirin ya saki sai a zare shi, a lura da yadda ƙarshensa yake zaune a mazauninsa domin a mayar da shi daidai.

Yanzu a cire robar tokare ɗin duka biyu, a mayar da shokozoba a ɗaure, a kuma mayar da tayoyin, waɗanda za a yi tafiya da su, ba wasu ba. A ɗaga aksul har awon tsakiyar wili zuwa madigadi ya dawo daidai da wanda aka rubuta, sannan a ci gaba da ɗagawa kaɗan-kaɗan, kamar milimita 10 a kowane bugun jak, ana tsayawa ana dubawa da fitila. Tunda babu sifirin, aksul zai tashi cikin sauƙi, kuma da zarar an ji jak ya yi nauyi ko an ga jikin motar yana neman ɗagawa daga ƙafafun ƙarfe, a tsaya nan take, domin wani abu ya taɓa.

Abin da ake nema shi ne wane ne ya fara taɓawa, kuma masu laifin sanannu ne. Shokozoba na iya ƙurewa, musamman idan ta asali ce aka bar ta tare da gajeren sifirin. Taya na iya kai wa leɓen madigadi ko rufin cikin kaskon taya, abin da ya fi faruwa ga wanda ya sa wili mai faɗi. Salansa, wadda a waɗannan motoci take lanƙwasa ta haye saman aksul, na iya haɗuwa da bututun aksul ko sandar Panhard. Kabewar aksul, wato kumburin tsakiya inda giyoyin suke, na iya dukan ƙasan but, farfela na iya goga rufin hanyarta, hannun sama na iya kai wa jikin mota, sannan bututun birki na iya matsewa tsakanin ƙarfe biyu. A juya kowace taya da hannu a kowane mataki a saurara, domin kunne yakan kama gugar da ido bai gani ba. Inda hannu ko ido ba ya kaiwa, a manna ɗan curin yumɓu a wurin da ake zargi, a ɗaga, a sauke, a auna kaurin da ya rage. Idan an sami wurin da aka fara taɓawa, a auna daga mazaunin robar zuwa wurin bugawarta; wannan shi ne awon ƙurewa.

Ba a gama ba tukuna, domin hanya ba kasafai take ɗaga tayoyi biyu a tare ba. A sauke aksul, a koma da jak ƙarƙashin ɓangare ɗaya, a ɗaga shi shi kaɗai yayin da ɗayan yake ƙasa, sannan a maimaita a ɗaya ɓangaren. Dalilin wannan lissafi ne mai sauƙi: robar tana can ciki, taya tana waje, don haka idan aksul ya karkata taya takan yi tafiyar da ta fi ta wurin robar. Idan tsakanin tayoyin ya kai kimanin milimita 1,600, robar kuma tana milimita 300 daga tsakiyar taya zuwa ciki, to a lokacin da taya ɗaya kawai ta tashi, milimita 50 a wurin robar na nufin fiye da milimita 60 a wurin taya, idan kuwa ɗaya ta tashi ɗaya ta sauka kamar yadda ake samu a kwana, bambancin ya fi haka girma. Ga shi kuma saman tayar yakan kwanta zuwa ciki ya nufi bangon kasko. Motoci da yawa sukan ci jarrabawar farko su faɗi a wannan. A motar da ke da sandar Panhard akwai ƙarin abin lura, domin sauke mota yakan tura aksul gefe ɗaya, ta yadda taya ɗaya za ta fi kusa da madigadi. A gyara wannan da sanda mai daidaituwa kafin a ɗauki awon ƙarshe, in ba haka ba za a sake aikin. Daga cikin awon ƙurewa da aka samu a gwaje-gwajen uku, a riƙe mafi girma, domin shi ne iyakar gaskiya.

Abu ɗaya ne wannan gwaji ba ya nunawa, wato inda shi kansa sifirin yake ƙurewa idan zobbansa suka haɗu. A ƙirga zobban, a ninka da kaurin wayar, sannan a kwatanta da tazarar da ke tsakanin mazaunin sifirin na sama da na ƙasa a lokacin da aksul yake a awon ƙurewa. Dole tazarar ta fi wannan lissafi.

Zaɓen roba

Ƙa'idar ita ce, robar ko da an matse ta iyakar matsewa, kaurin da ya rage mata ya fi awon ƙurewa, kuma ni nakan ƙara milimita 10 zuwa 13 a kai saboda bushin da ƙarfe sukan ba da kai a ƙarƙashin bugu mai ƙarfi fiye da yadda suke yi a kan jak. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna robar a sake kamar yadda ta fito daga kwali, alhali abin da ke kare shokozoba shi ne kaurinta a matse. Hanya mafi sauƙi ta sanin wannan ita ce a sa ta a mamatsin ƙarfe na kan tebur, a matse har ta ƙi, a auna.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai baƙar roba ta asali irin wadda tsofaffin motoci suka zo da ita, mai kan dala, wadda takan yi tauri ta tsattsage da shekaru. Akwai daskararriyar foliyuritan, wato wata roba mai tauri da ake haɗawa da sinadarai, galibi ja ko baƙa, irin ta kamfanonin Energy Suspension da Prothane, wadda take da ƙarko amma ba ta matsuwa sosai. Sai kuma mai kama da soso mai tauri, yawanci ruwan ɗorawa, wadda ƙananan kumfa ne a cikinta, kuma ita ce kamfanonin mota suka koma amfani da ita a motocin zamani, domin tana iya matsuwa zuwa ƙasa da rabin tsawonta, tana farawa da laushi tana ƙara tauri yayin da ake danna ta.

A ga yadda zaɓin yake a lissafi. A ce awon zama milimita 110 ne, awon ƙurewa kuma 25. Idan aka ƙara 10 na kariya, ana buƙatar robar da kaurinta a matse bai gaza 35 ba. Daskararriya mai tsawon 45 da ke matsuwa zuwa 35 za ta bar rata ta milimita 65, wadda a ido tana da kyau, amma duk aikin tsayar da aksul zai faru ne a cikin milimita 10, kuma direba zai ji shi kamar guduma. Mai soso mai tsawon 70 da ke matsuwa zuwa 25 tana buƙatar a sa mata ƙarfe ko wosha mai kaurin 10 a gindi, sai tsawonta ya zama 80, ratar ta koma 30 kawai, amma za ta shimfiɗa aikin a kan milimita 45, ta yadda sau da yawa direba ba zai san ta taɓa ba. Ga motar da ake hawa yau da kullum a kan titi, ni mai soso nake zaɓa ba tare da jinkiri ba, ko da kuwa za ta riƙa taɓawa da wuri, domin taɓawa mai laushi taimako ce ga sifirin. Daskararriya nakan bar ta ne ga inda fili ya yi ƙaranci har babu wurin doguwar roba, kuma ko a nan sai idan ratar da ta bari ta kai milimita 50 ko fiye. Abin da ba ya karɓuwa a kowane hali shi ne motar ta zauna a kan robar tana tsaye babu kaya.

Idan aka yi lissafin aka ga babu robar da za ta kare shokozoba kuma ta bar rata mai ma'ana, to amsar ba a wurin roba take ba. Idan shokozoba ce ke fara ƙurewa, a sayi gajeriya da aka ƙera domin saukakkiyar mota, irin waɗanda kamfanonin Koni da Bilstein suke yi. Idan salansa ce, a kai wa mai walda ya ɗaga lanƙwasar. Idan kuwa aksul ne da kansa yake kai wa shasi, shawarata ita ce a ɗaga motar da milimita 10 ko 15, ko a sa sifirin da ya fi tauri. Akwai masu yanke ƙarfen shasi su yi masa kurmi domin aksul ya shige, amma Mustang da Camaro da motocin Dodge da Plymouth na wancan zamani jikinsu da shasinsu a baya abu ɗaya ne, kuma yanka a wurin yana raunana motar gaba ɗaya.

Yanka da ɗaurawa

Yanke robar asali halas ne idan lissafi ya nuna a yi, amma akwai yadda ake yi. Laushin robar a kanta yake, inda ta tsuke, taurin kuma a gindi, saboda haka wanda ya datse kai ya bar gindi ya zubar da ɓangaren da ke hana bugu. Inda tsarin ɗaurinta ya ba da dama, kamar irin wadda ake zura wa a sandar shokozoba, a rage daga ɓangaren mai tauri. Inda gindin yake haɗe da ƙarfe ko noti, dole a rage daga kai, amma sai a sake feƙe shi ya koma siffar dala da wuƙa mai kaifi ko dutsen niƙa, kada a bar shi a baje. A riƙa yanka kaɗan-kaɗan, kamar milimita 10 a lokaci ɗaya, a kuma tabbatar biyun sun zama tsawo ɗaya. Robar da ta fara rududdugewa ko ta tsage ba a yanka ta, sauya ta ake yi.

Bayan an ɗaura, kuma kafin a mayar da sifirin, a sake ɗaga aksul a duba abu biyu: robar ta fara taɓawa kafin komai, kuma ta sauka a tsakiyar wurin bugawarta a miƙe. Aksul ba ya tashi a layi madaidaici, yana bin baka ne, don haka robar da take fuskantar wurinta daidai a zaune tana iya sauka a gefe idan ta kai sama, kuma irin wannan takan yage cikin 'yan makonni. A ci gaba da ɗagawa har jikin motar ya fara sauƙi a kan ƙafafun ƙarfe, a duba cewa har yanzu akwai sauran fili a shokozoba da taya. Daga nan a mayar da sifirin, a ɗaure komai da hannu, amma duk notin da ya ratsa bushin na roba kada a ƙarasa ɗaure shi sai nauyin motar ya sauka a kan aksul, domin idan aka ɗaure shi ƙafa na rataye, bushin zai zauna a murɗe ya mutu da wuri.

Motoci masu sifirin falle-falle

A nan ba za a iya cire sifirin ba, tunda shi ne yake riƙe aksul a wurinsa. Mai haƙuri yakan warware fallayen ya bar babban falle kaɗai domin ya yi gwajin da aka bayyana, wanda ba ya son wannan wahala kuwa sai ya cire robar, ya riƙa jera buhunan siminti masu kilo 50 a but ɗaya bayan ɗaya a kan katako, yana aunawa a kowane buhu, ya kuma auna tsawon shokozoba a matse a kan tebur ya kwatanta. Waɗannan motoci ana yawan sauke su ne da dungun ƙarfe da ake sakawa tsakanin aksul da sifirin, kuma kaurin dungun gaba ɗaya daga ratar roba yake fita, inci biyu na nufin milimita 51. Dungun yana kuma ƙara wa aksul damar murɗa sifirin idan aka taka mai da ƙarfi, sai hancin kabewa ya ɗaga sama. Domin haka ne ake da roba ta uku a tsakiya, wadda a motocin Dodge da Plymouth take ɗaure a saman hancin kabewa tana dukan ƙasan mota, a Mustang ta 1979 zuwa 2004 kuma, duk da cewa sifirinta murɗaɗɗe ne, take manne a jikin motar a saman kabewar. Ana yawan mantawa da ita, kuma a saukakkiyar mota sau da yawa ita ce take fara bugawa. Masu tseren miƙaƙƙen layi sukan matso da ita kusa da gangan domin ta hana tayoyi tsalle a lokacin tashi, amma a motar titi a rage tsawonta ta yadda ba za ta riga na gefe biyun taɓawa ba idan aka hau tudu.

Gwaji a hanya

Kafin a fita, a ɗaura siririn ɗaurin waya na roba a sandar kowace shokozoba idan sandar a buɗe take, a tura shi ƙasa har ya zauna a bakin jikin shokozobar, a kuma shafa alli ko ɗan giris a kan robar tokare. A fara da tafiya ta yau da kullum a titi mai kyau, direba shi kaɗai, a dawo a duba. Idan allin ya bar tabo mai kauri a shasi bayan irin wannan tafiya kuma robar daskararriya ce, ratar ta yi kaɗan. Daga nan a haye tudun rage gudu a saurin da aka saba, sannan a maimaita da mutane a kujerar baya da kaya a but, ana duba ɗaurin wayar a kowane zagaye. Shi ne yake nuna iyakar inda shokozoba ta kai, kuma idan aka same shi a matse a can ƙarshen sanda ko ya tsinke, shokozoba tana ƙurewa kafin roba ta gama aikinta, sai a ƙara wosha a gindin robar. Gwajin kwana a yi shi a buɗaɗɗen fili da babu mutane, a ƙara gudu sannu a hankali a cikin da'ira, ana sauraron lokacin da bayan motar zai sauya hali farat ɗaya. Idan hakan ya faru tun motar ba ta karkata sosai ba, robar ta yi tauri ko ta yi tsawo.

Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku a sake ɗaukar awon zama, domin sifirin na iya ƙara sauka, a kuma sake gwada notocin. Daga nan a riƙa leƙa robar duk lokacin da aka je sauya man inji, musamman wadda take kusa da salansa, saboda zafi yana busar da ita, haka kuma man da ke ɗiga daga shokozoba ko daga bakin aksul yana lalata ta, don haka idan aka ga ta jiƙe a nemo inda man yake fitowa a toshe shi kafin a ɗaura sabuwa.